Maɓallin Share Kwarzane

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya gwiwar? Baba yana gaishe ka.

Saƙo ya iso, sikana, na'urar kwafar hoto zuwa kwamfuta, da ambulan ɗin negetif, wato fim ɗin hoton Umma, na gode ƙwarai. Ka san Umma ta rasu ina shekara uku, yoyon rufi kuma ya cinye albam ɗinmu, don haka ban riƙe fuskarta ba. Jiya na ɗaga fim ɗin a taga. Mace ce zaune a benci, fuskarta fari sol, haƙoranta baƙi ƙirin, kamar mutumiyar wata duniya inda rana ke ba da duhu. Na daɗe a tsaye har hannuna ya sage.

Sai dai sabuwar kwamfutar Baba ta ƙi. Sikanar tana kawo wuta, ta yi ɗan gurnani, sai allon ya ce bai san ta ba. Na sa faifan da ka haɗo, aka ce wai direban ya tsufa. Kawu, wane direba kuma? Sai ta tuna mini da jarumar littafin da nake karantawa, da ta zo har ƙofa aka ce ba a san da zuwanta ba.

Ka huta lafiya,
'Yarka

*

Malama Shiru,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Ke da ba kya iya haɗa ido da ni, ashe a takarda aku ce.

Direban nan ba mai tuƙi ba ne, tafinta ne tsakanin sikana da kwamfuta. Nawa tsoho ne kamar ni, ba ya jin yaren yaran zamani. Ki ɗauko tsohuwar kwamfutar babanki da ke saman kabad. Ki fara sa faifan, ya gama, sannan ki jona wayar sikanar, kada ki juya tsarin. Kada ki bar ta ta hau intanet, yanzu za ta sabunta kanta ta manta da mu. A manhajar da faifan zai saka, ki zaɓi negetif baƙi da fari. Fim kuma a gefe ake riƙe shi, shekara talatin ina shagon hoto ban taɓa yafe wa mai sa yatsa ba.

Ki gaida babanki.
Kawunki

*

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ta yi! Amma ina rubutun nan ne hawaye na ɗiga.

Hoton ya riƙa saukowa layi-layi, kamar ana jan labule a hankali. Bishiya, ɗankwali, goshi, sannan idanu. Kawu, fuska sumul, ko ɗigo babu, irin ta bangon littafi. Kwana biyu na ɓoye ta ni kaɗai. In na dawo makaranta in buɗe in ba ta labari a zuciyata, har na ga kamar leɓenta zai motsa.

Yau na yi ta maza na kira Baba, yana gugar rigar aiki. Ya sa tabarau, ya duba ya sake dubawa, ya ce, "Kyakkyawa ce. Amma uwata, wannan ba Ummanki ba ce." Ya koma kan gugarsa, har rigar ta yi ƙauri bai ji ba.

To wace ce? Umma tana da 'yar'uwa da aka ɓoye mana? Ko wata ce ka so, ƙaddara ta raba ku, ka adana ta a ambulan? Ba zan faɗa wa kowa ba. Amma idan ba ita ba ce, shi ke nan, ba ni da fuskar da zan kira Umma.

'Yarka

*

Malama Shiru,

Gaisuwa mai yawa. Ki rage littattafan nan, kin aurar da ni kin raba ni a layi biyu.

Ummanki ce, ƙanwata, ni na ɗauke ta hoton a bayan shagona. Laifina ne, na manta ban gargaɗe ki ba. A gefen manhajar akwai ɗan maɓalli na share ƙura da kwarzane, da kansa yake kunnuwa. Ummanki tana da tabo siriri daga girar hagu zuwa kumatu. Ni na kayar da ita a keke tana shekara shida, na sha bulala. Kwamfuta ta ɗauka fim ne ya kwarzane, ta goge mata. Ni ma na taɓa cewa zan cike shi da fensirin gyaran hoto, ta ce in na taɓa ta fasa mini kyamara.

Ki kashe maɓallin, ki sake.

Allah ya jiƙanta, ya yi miki albarka.
Kawunki

*

Kawu,

Barka da war haka. Na kashe, na sake. Tabon ya fito, da 'yan ƙuraje biyu a haɓa.

Na juyo wa Baba allon kawai. Ya janyo kujera ya zauna, ya ce, "Sannu, Sarkin Rigima. Har yanzu hararata kike?" Ba da ni yake ba. Na fito na jawo musu ƙofa.

In ya tashi, ni ma zan shiga mu gaisa.

'Yarka