Ranar Da Na Tsayar Da Kai Kan Ƙafa Ɗaya

Baba,

Assalamu alaikum. Allah ya kai haske kabarinka. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma, ni ce zan karanta maka.

Gida lafiya lau, sai gajiya. Kwalekwalenka yana nan a kife a bakin kogi. Yaya Sani ya ce shi da kamun kifi har abada, ya koma acaɓa. Da sojoji suka koma bariki ka ce za mu ga canji. Ni dai abin da na gani shi ne jami'ar nan ta Wudil da ka dage sai na shiga, ita ce kuma ta kawo ni ga abin da zan faɗa maka.

Ka tuna aikina na kammala karatu? Ina bi gida-gida ina tsayar da masu lafiya kan ƙafa ɗaya, ido a rufe, ina duba agogo. Maza da mata, samari da tsofaffi. Ranar da na zo kanka, abokanka masunta suna zaune a ƙofar gida suna yi maka tsiya. Ka naɗe wando kana dariya. Ban gama danna agogon ba ka dire ƙafa, ka dafa bango.

Baba, Inna ta fi ka daɗewa. Na gwada ta a cikin gida da safiyar ranar.

Ka tambaye ni yaya, na ce ka fi samarin Indabo. Ƙarya na yi maka. Ta yaya 'ya za ta kwance wa ubanta zani a kasuwa? A takarda na rubuta gaskiya, malamina ya yaba. Ya ce shekaru ba sa tambaya ko namiji ne ko mace, kowa sai sun girgiza shi. Ni na ci maki, kai ka ci gaba da tsayuwa a bakin kwalekwale kana jefa komarka ta birgi, kana gaya wa mutane 'yarka ta boko ta auna ka.

Da damina ka zame, ƙugunka ya bugi katakon kwalekwalen, ba ka sake tashi ba. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, haka ne kuma. Amma da na bi ka zaure na gaya maka, mu biyu kawai, za ka ji? Wataƙila ka yi mini faɗa. Ai da na sha faɗan na huta. Na gaji da wannan tambayar, Baba.

Makon jiya na sake gwada Inna. Ita ma yanzu ba ta daɗewa. Na gaya mata gaskiya, na sayo mata sanda. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Amma jiya na ga ta ɗauki sandar za ta gidan suna.

Ka yafe mini. Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta.

'Yarka,
wadda kake kira Uwata.