Ɗiyata a Kan Bencin Masu Awon Ciki

Zuwa ga Shugaban asibitin da na kai ɗiyata a Gusau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka.

Kafin in shiga magana ina da gargaɗi. Duk wanda zai karanta wannan wasiƙa don ya gano ɗiyar wa ake nufi, ya ajiye ta tun yanzu, ba don shi na rubuta ba. Ban sa sunana ba, ban sa na asibitin ba. Kai kuwa, ranka ya daɗe, za ka gane gidanka da zarar ka ji yadda ake aiki a cikinsa.

Ni mutuniyar Tsafe ce, uwar 'ya'ya mata uku. Na gama sakandare, ina ɗinki a cikin gida. Ba na cikin iyayen da ke sakin 'ya'yansu. Babu mai waya a cikin 'ya'yana, kuma wadda magariba ta riska a waje ta san abin da za ta tarar. Na faɗi haka ne don kada a ce mai neman a sassauta wa 'yan mata ce ta rubuto.

Babbar ɗiyata shekararta goma sha biyar. Bayan babbar salla na lura ta kusa mako uku ba ta yin salla. Na ɗauka lalaci ne ta fake da al'ada, na yi mata faɗa mai zafi a gaban ƙannenta. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mini ƙunzugun da take wankewa a ɓoye. Jini ne ya ƙi tsayawa, kuma wata na uku ke nan yana yi mata haka. Kunya ta hana ta faɗa, fuskata kuma ba ta ba ta dama ba. Wannan laifina ne. Na ƙara da wani, na tsaya ba ta jiƙe-jiƙe har sai da jiri ya kayar da ita a bakin rijiya. A ƙaramin asibitin unguwarmu, wata nas Kirista da ta daɗe a garin ta ja ƙasan idon yarinyar ta nuna mini, fari fat. Ta ce kada in ƙara kwana biyu ban kai ta wurin likitan mata a Gusau ba.

Ga abin da muka tarar a wurinku.

Na ɗaya. A wurin yankar kati aka ce likitan mata ba ya ganin kowa sai ranar awo. Muka koma gida, muka sake bin wannan hanyar da ka san halin da take ciki. Da muka zo ranar awon, baranda ɗaya ce, benci ɗaya. Aka zaunar da yarinya da hijabin makaranta tsakanin mata masu tsohon ciki. Na roƙi ma'aikaciyar da ke kula da layin ta bar mu mu jira a wani gefe. Ta ce layi ɗaya ne, wadda ta tashi ta rasa wurinta.

Na biyu, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar ta ɗaga murya ta kira sunan ɗiyata har da na mahaifinta. A tsaye a nan, a gaban kowa, ta tambaye ta ko tana da aure. Sannan ta miƙa mata 'yar kwalba ta ce, “Je ki kawo fitsari, gwajin ciki za a fara yi.” Na ga wuyan mata yana juyawa. Ba gwajin nake ƙi ba, likita ya yi mini bayani cewa duk mai irin wannan zubar jini ana yi mata, kuma na yarda. Amma sakamakon, cewa babu komai, a cikin ɗaki aka faɗa, ƙofa a rufe, mu huɗu kawai muka ji, ni da ita da likita da nas. An yi tambaya a bainar jama'a, an ba da amsa a ɓoye.

Na uku. A cikin matan nan akwai wata 'yar Bungudu, maƙwabciyar yayar mijina. Kwana biyu tsakani sai ga yayar mijin nawa a gidana, ba biki ba rasuwa. Ta sha ruwa, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta tambaye ni ko an riga an gyara abin. Na ɗauko takardar asibiti na nuna mata. Ta ce ita ba ta karanta boko, abin da ta sani shi ne ba a zuwa awo sai da dalili. Kafin mako ya zagayo, maganar ta isa Islamiyyar su ɗiyata.

Ba zan zalunci likitanka ba. Ya sa na zauna, ya kira nas mace ta tsaya, bai taɓa yarinyar ba sai da ya faɗa mata abin da zai yi. Ya ce a shekarun farko al'ada takan rikice wa wasu 'yan mata, kuma jininta ya yi ƙasa sosai. Ya rubuta magani, ya ce mu dawo bayan wata ɗaya. Watan ya wuce, ba mu dawo ba. Ɗiyata ta ce gara ta yi ta zubar da jini da ta sake zama a kan wannan bencin. Makon da ya gabata jinin ya dawo. Ina kallon leɓenta yana ƙara yin fari.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kaɗan, kuma babu wanda ke buƙatar sabon gini. A ware wa 'yan mata da sauran matan da ba awo suka zo ba wata rana, ko da rabin yini ce. A riƙa kiran mutane da lamba, ba da suna ba. Tambayar aure, ta al'ada da ta gwaji, a yi ta bayan an rufe ƙofa. A kuma ja kunnen ma'aikatanka: mutuncin budurwa a garuruwanmu ba ya dawowa da takardar asibiti. Iyaye nawa ne ke riƙe da ɗiya marar lafiya a ɗaki saboda tsoron wannan barandar, har sai abin ya fi ƙarfin likita? Duk wanda ke da ikon gyarawa bai gyara ba, za a tambaye shi gobe kiyama.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya rufa wa 'ya'yanka asiri.

Ni dai ranar awo mai zuwa zan kawo ta, ko an gyara ko ba a gyara ba, zan zauna a gefenta da kaina a ɗage. A gidana kuma na kafa doka, na faɗa a gaban mahaifinsu ya amince. Kowace yarinya za ta faɗa mini ranar da ta fara al'ada da ranar da ta gama, ni kuma ba zan ɗaga mata murya ba. Jinin da ya wuce mako, ko ciwon da ya hana zuwa makaranta, asibiti za mu je, ba jiƙo. Wanda kuma ya shigo mini da labarin an ga ɗiyar wane a asibiti, ko da dangin mijina ne, ba zan shimfiɗa masa tabarma ba.

Wassalam, daga wata uwa a Tsafe.