Kumburin Idon Malam da Izu Uku da Suka Rage

Garwa, 9 ga Sha'aban

Zuwa ga Yayata Dela,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan wannan takarda ta same ku lafiya, yaya sanyin Yawunde, yaya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan zafi ya fara. Nazira ta yaye ɗanta, Inna ta Kayele ma ta ji sauƙi.

Yaya, na zaɓi rubutu ne don a waya ba na iya kai maganar nan ƙarshe. Kin tuna ɗan kumburin fatar idon maigidana Malam na dama, wanda kika gani da Babbar Salla kika ce hazbiya ce? Mu ma haka muka ɗauka. Na yi ta gasa masa da ruwan ɗumi, na sa masa kwalli, ya sha rubutu. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, sai dai girma a hankali, ja-ja, da tauri kamar ƙwayar gyaɗa, har fatar ta rufe rabin idon. Na hagun kuwa kin san tun tuni yanar ido ta cinye shi.

Da kyar Muktar, ƙanensa, ya ja shi lopital, wato asibiti. Likitar, Dakta Solange, ta yanki 'yar tsoka aka aika gwaji. Bayan sati biyar ta ce wani nau'in ciwon daji ne da ake kira limfoma, ba kasafai yake fitowa a fatar ido ba, ita ma sau ɗaya ta taɓa gani. Ta ce irinsa yakan ji magani, amma sai an je Kudu an yi hoton jiki duka a ga ko a nan kaɗai ya tsaya, kuma kada a ja lokaci. Malam ya yi godiya, ya ce zai je idan ya kammala Alƙur'anin da yake rubutawa, saura izu uku. Muktar ya ce masa ai takarda ba ta gudu. Malam ya ce, to ido fa?

A nan laifina ya shigo. Kin san shekara ashirin shi ke rubuta baƙi, ni ina bi da jan wasali. Kullum da hantsi sai in ɗaga masa fatar in manne ta da filasta a gira, ya zauna a zaure yana rubutu, hawaye na zuba. Sai na fara ganin ɗigo ya sauka kan harafin da ba nasa ba, wata kalmar sau biyu. Ban faɗa ba. Idan ya tafi masallaci sai in kankare da reza in gyara. Ina gaya wa kaina rufin asiri nake yi, alhali wata guda na cinye masa. Na gaji, Yaya, ko salla na tayar abin nan ne a raina.

Ranar Talata ya hau layi a kan layi, babu abin da reza za ta yi. Na ajiye warƙar da ya rubuta a gabansa na faɗa masa duka. Ya matso da ita har bakin hancinsa, ya daɗe. Ya tambaye ni warƙa nawa na taɓa, na ce goma sha ɗaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Raudatu, da kin faɗa mini tun ta farko," abin da ya ce ke nan. Ya wanke alƙalamin, ya ɓare filastar da kansa, ya ce in kira Muktar.

To, Asabar mai zuwa za mu hau mota zuwa Ngawundere, mu kama jirgin ƙasa, mu iso muku Lahadi in Allah Ya yarda. Ki taimaka mana da ɗakin da ba sai an hau bene ba. Takardun Alƙur'anin suna cikin gafaka, ya ce da su zai tafi. Don Allah idan mun iso, ki ja kunnen mutanen gida, kada kowa ya tambaye shi ko ya gama.

Ki gaishe da Alhaji Mahmudu, da Bilki da Hibatullahi. Nazira na gaishe ki. A sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Raudatu