Takardar da ta wuce shekara biyar

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na koma aiki laburaren makarantar likitoci, karo na farko tun rasuwar Baban yara. Aikin yana nan yadda na bar shi: ɗalibi ya zo, in nuna masa yadda ake neman takardun bincike a rumbun intanet. Kin san tsiyata. Kullum sai na sa sun danna wurin da ke tace takardun shekara biyar ɗin baya kawai, kada tsofaffi su cika musu ido. Hannuna ya saba, ba ya ma shawara da ni.

Haka na yi wa Baban yara. Wata bakwai ina binciken ciwon jininsa, ina bugo takardu ina kai wa likitansa. To, ranar Laraba wata ɗaliba da ke binciken irin ciwon ta manta ba ta danna ba. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai ga takarda mai shekara goma sha ɗaya: masu irin ciwonsa su tara, aka canza musu magani, shida suka tashi. Yaya, ban taɓa ganinta ba. Da hannuna na rufe ta, da shekara biyar ɗin nan da nake dannawa.

Na kai wa likitan. Ya karanta har ƙarshe, ya ce mutum tara ba hujja ba ne, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Na san haka. Amma na tambaye shi ko zai gwada maganin da ya gan ta a lokacin, ya yi shiru. Shirun nan ne ke cin raina, kuma ke kaɗai na faɗa wa.

Kin ce in kashe saƙon sababbin takardu kan ciwonsa da rumbun ke turo mini duk Litinin. Na kasa. Shi ya raɗa wa binciken suna, yana kwance yana tsokanata, kuma da sunan saƙon ke zuwa: "Uwargida ta fi likita."

Jiya na shiga na cire shekara biyar ɗin. Takarda ɗari uku da ashirin suka fito. Ina karanta su ɗaya bayan ɗaya, ban san wa zan kai wa ba.

Ki gaishe mini da Inna, ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta