Shafi na Ashirin da Huɗu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ƙarfin hannun? Allah ya ƙara afuwa.

Albishirinki! Ga littafinki nan cikin ambulan, da ɗuminsa daga maɗaba'a. Tun da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da ke, kika aiko ɗiyarki da fayil kika ce in ƙarasa, ban zauna ba. Shekara ashirin muna musayar rubutu, ki bi nawa da jan biro in bi naki, amma ban taɓa jin tsoron takarda irin na wannan karon ba. Mai zane ya yi ƙoƙari, sai dai ya ba yarinyar labarin kunnuwa fato-fato. Na ce, "Malam, mutum ce ko zomo?" Ya rage su yana gunaguni.

Na ɗan taɓa ƙarshen, kaɗan dai. Za ki gani.

A gaida ɗiyarki da jikoki.

Ƙanwarki, Sarkin Gyara

*

Sarkin Gyara,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi. Da hagu nake rubutu, ki yi haƙuri da tonon kazar nan. Waya ba za ta yiwu ba, harshe bai saki ba tukuna.

Sannu da wahala, na gode. Amma a rubutun da na bar miki, ƙanen yarinyar bai dawo daga asibiti ba. A shafi na ashirin da huɗu na gan shi ya shigo gida yana dariya. Wa ya dawo da shi?

Ki huta lafiya.

Yayarki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Ni ce. Ba zan laɓe bayan edita ba, ko da yake shi ya fara. Ya cire tabarau ya ajiye a kan fayil ɗin, ya ce, "Malama, wace makaranta za ta sayi littafin da yaro ya mutu a ciki? 'Yan aji biyu ne fa za su karanta." Na ɗan yi gardama, sannan na haƙura, don a raina na yarda da shi. Kuma na gan ki a gadon nan ba kya iya ɗaga kofi, na ce baƙin ciki ya isa haka. Na so in tambaye ki, likita ya ce kada a tayar miki da hankali.

Shafi ɗaya ne tak, Yaya. Sauran ko waƙafi ban taɓa ba. Yara za su so shi, ki yarda da ni.

Allah ya ba ki lafiya.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Kwana uku na yi ina rubuta wannan.

Kafin ki san ni ina da ɗa. Shekararsa uku. Zazzaɓi ne, kwana huɗu a asibiti. Da na dawo gida ni kaɗai, yayarsa, wannan da ta kai miki fayil, tana 'yar shekara shida, ta tare ni a ƙofa. "Umma, ina yake?" Na ce, "Likita ya riƙe shi, zai dawo." Wata biyar duk abin da aka ba ta sai ta raba biyu, ta ajiye masa rabi a kan taga. A bakin 'yar maƙwabta ta ji gaskiya, suna faɗa a kan 'yar tsana. Ba ta yi kuka a gabana ba. Daga ranar har ta yi aure ba ta sake kawo mini wata tambaya mai nauyi ba.

Littafi goma sha ɗaya na rubuta, na kunkuru da kurege, ina kewaye wannan maganar. A na goma sha biyu na zauna in faɗa mata gaskiya, ita da duk yaron da aka bari tsaye a ƙofa. Sai kika maimaita musu ƙaryata, har da launi.

Ni ma da laifina. Ban taɓa gaya miki ba.

Sai wani jiƙon.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, in za ki amsa.

Da na gama karanta takardarki na sa takalmi na tafi maɗaba'a. Na tarar da ɗakin ajiya wayam. Kwafi dubu uku sun riga sun shiga makarantu. Edita ya ce sai dai a bugu na biyu, ƙila shekara biyu nan gaba. Na sa shi ya rubuta alkawarin a takarda ya sa hannu, na kuma miƙa masa shafinki na asali.

Ba wannan ke hana ni cin abinci ba. Shekara ashirin ina gyara miki jimla, na san inda kike yawan manta aya, amma ban taɓa tambayar abin da ya sa kike fita shan iska duk lokacin da nake karanta labarin asibiti ba. Cewa nake zafi ne ya dame ki.

Jiya na zo har ƙofar gidanki, na ga takalman jikoki a jere, na kasa ƙwanƙwasawa. Ki yafe mini.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Na amsa gaisuwa.

Shafin ban yafe masa ba. Amma zan gaya miki abin kunya: kullum da safe sai na buɗe shi. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ganin yaron nan ya shigo ƙofa ba, ko a mafarki.

Ɗiyata ta karanta jiya. Ta rufe, ta ce, "Umma, ba haka aka yi ba." Na ce, "Na sani. Zauna." Mun daɗe. Ita ta yi yawancin maganar, tunda ni harshe ya ƙi.

Ki zo Asabar. Ki ƙwanƙwasa da ƙarfi, ina jinkirin isa ƙofa.

Yayarki