Taken Mati

Batsari, Litinin.

Zuwa ga Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya haƙurin zaman Safana? Hansatu ce, ƙanwar abokinka Mati. Tun da aka yanke mana sabis na rasa yadda zan same ka, sai Armaya'u direba ya ce yana ganinka a bakin tasha kana sayar da rake.

Yaya, littafi na rubuta, don Allah kada ka yi dariya. Labarin samarin garinmu Ruma ne da 'yanmatanta, lokacin da kowa ke cika baki, wannan zai sayi shanun huɗa, waccan za ta zama malamar asibiti. Wani mai karanta littattafai a rediyo a Katsina ya karɓa, amma ya ce in kawo kiɗan da za a riƙa sawa tsakanin babi da babi, kuma sabo, ba na aro ba. Wa na sani in ba kai ba? Kai ka yi musu kiɗan gayya. Ga babi huɗu nan na haɗo maka.

Inna tana nan yadda ka san ta. Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tafi da Mati daga gona, ba amo ba labari, kuma har yau ta hana a yi masa addu'ar mamaci. Ni da ita ne kawai a gidan. Sai mu wuni ba wanda ya ce uffan.

Ƙanwarka,
Hansatu.

Safana, Laraba.

Malama Hansatu,

Wa alaikumus salam. Ya Inna, ya 'yan makaranta? Dariya kam na yi. Yarinyar da muke kora daga bakin gona don ta cika surutu, yau ita ce marubuciya! Kin sauya wa Mati suna, to wa kika ruɗa? Wanda ya raɗa wa shanu suna tun bai saye su ba, ai shi kaɗai ne a Ruma.

Gangata ta ƙone tare da ɗakina ranar da 'yan bindiga suka shigo Ruma. Iyali suna wajen danginsu a Dutsinma, ni kaɗai ne a shagon da wani bawan Allah ya ba ni aro. Kuma ki sani, ni duk rayuwata take nake kaɗawa. Kowane manomi da nasa, in na hango shi tafe sai in ɗauko, shi kuma ya ɗaga fartanya ya amsa da kirari. Kiɗan da ba na kowa ba, ban taɓa yi ba.

Amma da na karanta babi na huɗu, zama ya gagare ni. Na samo duma na haɗa gurmi, kwana tara ina fama kamar ɗan koyo. Jiya da la'asar wani abu ya zo hannuna da kansa, mai daɗi ƙwarai. Na ɗauke shi a waya, ga memorin nan na naɗe a takarda. Sabo ne fil, in ji ni.

Ki gaida Inna da kyau.
Uwaisu.

Batsari, Asabar.

Yaya Uwaisu,

Salamu alaikum. Yau gaisuwata gajeriya ce, ka yi haƙuri.

Haba Yaya! Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Da hantsi na sa memorin a ɗan rediyona, na ƙure murya don murna. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Sai na ji rariya ta faɗi. Kafin in fito ta kai bakin titi, ba mayafi ba takalmi, tana kiran Mati, tana leƙa fuskar duk mai wucewa. Maƙwabta ne suka kamo mini ita. Tana ta cewa, "Ku sake ni! Uwaisu ba ya kaɗa taken mutum sai ya hango shi!"

Ni ina makarantar kwana lokacin da ka yi wa su Mati take, ban san taken kowa ba. Amma kai fa? Na nuna mata rediyon, ta dube shi ta dube ni, ta shige ɗaki. Wallahi ban taɓa jin na tsani littafin nan ba sai yau.

Hansatu.

Safana, Litinin.

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rantse da Allah ban sani ba. Da na karanta takardarki na ajiye gurmin, na buga kiɗan a cinyata yadda zan buga ganga, sai ga shi ya fito tsaf. Nasa ne. Tsirkiya ce ta ɓad da ni, ni da na yi masa taken da hannuna. Kunnen uwa ya fi nawa.

Ashe ba sabon kiɗa na yi ba, kewarsa ce ta ishe ni. A garin nan ba wanda ya san ni da kiɗa, mai rake suke ce mini. Ki roƙa mini gafarar Inna, ba ni da idon da zan dube ta.

Uwaisu.

Batsari, Alhamis.

Yaya,

Salamu alaikum, ya jiki da zuciya? Ka yafe mini zafin bakina.

Inna ta yi magana jiya. Ta ce a gidanku, in mai take ya rasu, mahaifinka yakan je ƙofar gidansa ya kaɗa sau ɗaya, daga nan ya rufe shi har abada. Ta ce ka zo ka rufe na Mati, sannan a kira malamai a yi addu'ar da ta hana.

Ka ga ke nan ba zai shiga rediyo ba. Na yi kuka, don ba na jin za mu sake samun kamarsa. Amma na goge shi daga memorin. Muna sauraronka ran Juma'a.

Hansatu.

Safana, Talata.

Hansatu,

Salamu alaikum. Na iso lafiya tun ran Asabar. Allah ya jiƙan Mati, ya ba Inna dangana. Ban iya yi muku sallama sosai ba, kin dai ga yadda nake.

Ga wani kiɗan. Wannan karon na gwada shi a cinya, na bi taken mutanen Ruma ɗaya bayan ɗaya, rayayyu da matattu, bai yi kama da na kowa ba. Ki sa a littafinki hankali kwance. Jiya na zauna bakin tasha na kaɗa shi tun daga azahar har la'asar, tasha cike da mutane, ba wanda ya amsa.

Yayanki,
Uwaisu.