Gwangwanin Albarushin Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ɗanki ne yake rubuto miki daga Doha, inda korona ta tsare ni har aka kai ki makwanci ban taɓa makararki ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Gadin nan dai nake yi. Da aka fara gasar kofin duniya, sai aka ajiye ni a ƙofar filin ƙwallo ina laluben 'yan kallo. Za ki yi dariya, Inna: ɗan maharbi guda, ko sanda ba ni da ita. Daga usur sai wata 'yar na'ura mai kuka idan ta ji ƙarfe. Ko askar yankan farce ba ta wucewa, kuma jama'a maƙil suna shiga suna fita lafiya.

Shugabanmu a ƙofar wani Ba'amurke ne mai sauƙin kai. Ran nan muna shan shayi ya ce mini a ƙasarsu tsarin mulki ne ya ba kowa 'yancin mallakar bindiga da yawo da ita. A ganinsa ma'anar ita ce, mutum ba zai naɗe hannu yana jiran hukuma ba alhali ana ɓalle masa ƙofa. Ban musa masa ba. Na san nisan garinmu da ofishin 'yan sanda. Tambaya ɗaya na yi masa: a wannan tsari nasu, wa yake riƙe albarushi? Bai gane ba sai da na ba shi labarinki. Ya jinjina kai, ya ce su ma a kan haka suke ta gardama tun kakanni.

Bindigar Baba tana rataye a ɗakinsa, amma albarushi yana naki ɗakin, cikin gwangwanin madara a bayan jeren kwanoni. Duk ranar da zai fita daji sai ya tsaya bakin ƙofarki ya yi gyaran murya. Ke kuma tambayarki ba ta canzawa: "Malam, me za a harba?" Ya ce gada, ko ya ce birai sun dami gona, ki miƙo masa.

Ban manta ranar da shanun Arɗo suka cinye mana dawa ba. Baba ya shigo a fusace, bindiga a kafaɗa. Kina tankaɗe, ko kai ba ki ɗaga ba, kika yi masa tambayar nan.  Ya daɗe a tsaye, sannan ya jingine bindigar ya nemi ruwan alwala. Washegari mai gari ya sasanta su.

To, Inna, ga abin da ya sa na rubuto. Kakar bana ɓarayin daji sun shiga garinmu, sun kore shanun noma, sun kashe abokin Haruna, autanki. Haruna ya kafe cewa Buba ɗan Arɗo ne ya nuna musu hanya, Buban nan da kike zuba wa tuwo tare da shi a kwano ɗaya. Hujja babu, sai zancen bakin kasuwa. Ya sauko da bindigar Baba, ya je wa Hajo, don a hannun 'yar taki kika bar kayan ɗakinki. Ita kuma ta ce gwangwani ba ya fita sai na yi magana.

Ya kira ni ina ɗakinmu na haya a unguwar Najma, abokan zama suna dafa taliya. Ya ce haƙƙinsa ne ya kare kansa, ni ina kwance cikin sanyin na'ura ban san abin da suke gani ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini zafi. Na ce masa idan ɓarayin suka hauro katanga, Hajo za ta miƙa masa ba tare da tambaya ba. Amma in fita zai yi da bindigar, sai ya amsa tambayarki. Na yi masa ita yadda kike yi, a hankali.

 Ina jin kukan awakin gidanmu ta cikin wayar. Sunan yana bakinsa, na sani, amma ya kasa furta shi. Can sai ya kashe wayar.

Tun ranar bai ƙara ɗaukar kirana ba. Ina jin tsoro, don albarushi ana sayar da shi a kasuwa, kuma hannuna ba ya kaiwa daga nan. Sai dai jiya Hajo ta ce mini bindigar ta koma kan ƙusarta, kuma da ya maida ita, buta ya ɗauka.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya gafarta miki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Allah Ya sanyaya zuciyar Haruna, Ya tsare garinmu, Ya tsare Buba idan ba shi da hannu. Amin.

Ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba,
Lawali